Duwatsu Uku da Gaba Shida

Ka tambayi duk wanda ya san ni a tashar Gumel, zai ce maka ba ni da kunya. Ƙarya suke yi mini. Ina da ita, guda ɗaya ce tak, amma ta kai buhun gero nauyi, kuma shekara da shekaru ina ɗauke da abata.

A shekarar da abin ya faru ina da rumfar cajin waya a bakin tasha, ina kuma shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a karo na uku. Na uku fa. Masu gadin wurin jarrabawar har sun fara tambayata ya mutanen gida. Abin da ke kayar da ni kullum fizis ne, don haka na sayi wani ɗan littafin tambayoyi da aka yi ta kwafa har rubutun ya koma kamar sawun kaji, na ajiye shi a kan tebur tsakanin wayoyin mutane. Babi uku suka rage a cikinsa, sauran ɓera ya riga ni karantawa. Na farko yana magana a kan yadda abu ke tsayawa cik idan ƙarfin da ke jan sa nan ya yi daidai da wanda ke jan sa can. Na biyu a kan sauti da gudunsa. Na uku a kan abin da ke sa wani abu ya nutse a ruwa, wani kuma ya taso. Ukun nan na haddace su, ko daga barci ka tashe ni sai in karanto maka. Har direbobi na fara yi wa lacca. In an ɗaure kaya a kan mota ya karkace, sai in leƙo daga rumfa in ce ai ƙarfin ne bai daidaita ba. Su ce sun gani da idonsu, ba sai sun je jami'a ba.

Ƙauyen su mahaifiyata yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, sai ka sauka daga mota ka hau babur cikin yashi har haƙoranka su gaji da haɗuwa da juna. Can yayanta yake, Kawu. Dogon mutum ne mai dogayen hannuwa, in ya miƙe su sai ka ce zai rungume rumbu. Maganarsa ta yini guda ba ta kai wadda nake yi kafin in wanke fuska ba. Lokacin da ƙyanda ta kama ni ina yaro, shi ya saɓa ni a kafaɗa ya fito da ni titi da ƙafa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci akwai wata a tsakaninmu. Babu komai sai alheri.

Sana'arsa rijiya. Shi da mahaifinsa suka haƙa babbar rijiyar garin, kuma shi ke shiga ya yashe ta duk bazara, ya kwaso laka da tsofaffin gugan da suka faɗa. Ƙauyukan kewaye ma shi suke kira. Rijiyar mai zurfi ce, ba a jan ta da hannu. An kafa gwafanni biyu a bakinta, an gicciya itace a kai, an rataya tsohon wilin babur da aka cire wa taya, igiya tana bi ta kwarinsa. Guga a wannan bakin, sa a wancan bakin. San ya yi gaba, guga ya hau, a juye a kwami. Mutanen gari su ɗiba da safe, Fulani su kawo shanu in rana ta ɗaga.

Al'adar garin ita ce duk lokacin da igiya ta mutu, manoma da makiyaya su yi karo-karo su danƙa wa Kawu, ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayo sabuwa. Gaba talatin da biyu yake sayowa, wato ya buɗe dogayen hannuwan nan nasa sau talatin da biyu. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Ba a bin sa da ɗan rakiya. Duk arzikin Kawu a garin nan shi ke nan: in ya ce kaza ne, to kaza ne.

Suna na je, matar ɗansa ta haihu. Ashe kwana biyu kafin nan igiya ta tsinke, ana ta lallaɓawa da guntaye, Fulani ma sun karkata shanunsu wata rijiya mai nisa. Da aka raɗa suna aka raba goro, sai mai unguwa ya ce tunda ga jama'a a zauna a gindin darbejiya a gama maganar igiya. Ardon Fulani yana nan da mutanensa. Igiya ta yi tsada a shekarar, kowa na ƙunƙuni. Kawu ya ce talatin da biyu, kamar kullum. Wani dattijo ya tambaya a hankali ko ba za a iya ragewa ba ko kaɗan. Kawu ya ce ba za a iya ba.

Da na ci gorona na yi shiru, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Amma akwai wata tambaya a babi na biyu na littafina: an jefa dutse a rijiya, an ji ƙarar faɗawarsa bayan daƙiƙa kaza, nemo zurfin rijiyar. Na yi ta sau ya fi ɗari a takarda. Ga rijiya ta gaske, ga jama'a, ga ni da sabuwar shadda. Sai na ji bakina yana cewa ai yanzu duniya ta wuce awo da hannu, a ba ni dutse uku da minti biyar in faɗi zurfin rijiyar nan ba tare da na jiƙa ko yatsa ba.

Samari suka ce a je a gani. Aka ɗunguma bakin rijiya, har da masu waina. Na zaɓi duwatsu uku masu kamar ƙwan agwagwa, na buɗe agogon awon lokaci na wayata, na ce kowa ya yi shiru, wanda ya yi tari ya ɓata kimiyya. Kawu yana tsaye a gefe, hannuwansa a baya.

Ya ce, "Duwatsun nan, wa zai fito da su?"

Na ce, "Kawu, ai kyauta na ba rijiyar, ta sha suna ita ma."

Aka yi dariya. Ni kuwa in aka yi mini dariya sau ɗaya, to an kunna inji, sai mai ya ƙare.

Na saki na farko. Shiru, shiru, sannan can ƙasa muka ji cuɓul. Daƙiƙa uku. Na biyu ya ɗan haura, na uku ya ɗan gaza, na ce to uku ke nan. Na tsuguna na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke. Na yi musu bayani cewa dutse in yana faɗuwa gudunsa ƙaruwa yake yi, kuma ƙa'idar ita ce biyar sau uku sau uku, mita arba'in da biyar. Sannan na ɗaga yatsa, don nan ne wurin da nake so a san na yi karatu. Na ce amma ƙarar ma sai da ta yi tafiya daga ƙasa ta hau zuwa kunnenmu, kuma sauti yana cin mita ɗari uku da arba'in a daƙiƙa, saboda haka sai a cire mata ɗan lokacinta. Na cire, ya dawo wajen mita arba'in da ɗaya. Na mayar da shi awon gari, gaba ashirin da huɗu. Na ce in ƙara biyu saboda Allah, ashirin da shida.

Na ga dattawa suna lissafi da leɓe. Talatin da biyu, ashirin da shida. Kowa ya iya wannan ɗebewar, ba sai da fizis ba.

Kawu ya buɗe baki ya fara cewa ruwan safe daban yake da na rana. Ban bar shi ya kai ƙarshe ba. Wallahi na ji shi sarai, amma wata magana ta riga ta zo mini kan harshe, kuma ni ban taɓa iya haɗiye magana mai daɗi ba.

Na ce, "To Kawu, sauran gaba shidan fa? Ashe shi ya sa awakin gidanka suka fi na kowa doguwar igiya. An ce daga turke suke zuwa Sule Tankarkar kiwo su dawo, ba a kwance su ba."

Dariyar da aka yi, sai da tsuntsaye suka tashi daga kan darbejiya. Wani saurayi ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Na ƙara da cewa bara ma an ga akuyarsa ɗaya a Maigatari tana tambayar farashin dusa. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, Ardo da Kawu. Ardo da ma mu da Fulani wasa ke tsakaninmu, kullum shi ke fara tsokanata, amma ran nan sandarsa kawai yake kallo.

Ni a raina wasa nake yi. Haka nake gaya wa kaina har yau, kuma har yau ban gama yarda ba. Abin da na faɗa a gaban gari, in ka cire dariyar, shi ne yayan mahaifiyata yana cin igiyar jama'a shekara da shekaru.

Mai unguwa ya ce to bana a gwada na zamani, ni da samari biyu mu je mu sayo. Ya faɗa yana kallon wani wuri. Kawu ya ce Allah ya sa a dace, ya juya ya tafi gida, ko abincin sunan jikansa bai tsaya ci a waje ba.

Ranar Alhamis muka shiga Maigatari ina tafe kamar wanda zai sayi kasuwar gaba ɗaya da raƙumanta. Mai igiyar wani Badamagare ne da ke tsallako iyaka duk mako. Da ya ji sunan ƙauyen sai ya tambaya ina dogon nan, lafiya dai ko, ai shi talatin da biyu yake ɗauka. Na ce masa dogon ya huta, kimiyya ta karɓi aiki. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya auna ashirin da shida, ya yanke, ya ƙona bakin da ashana don kada ta warware. Ya ce in na dawo mako mai zuwa rumfarsa tana nan a inda take. Na ɗauka addu'ar ciniki ce.

Washegari da safe aka ɗaura. Aka saki guga, ya sha, sa ya ja, ruwa ya zubo a kwami. Aka sake, haka. Ina tsaye na harɗe hannu ina karɓar gaisuwa. Har na samu sararin yi wa mata bayanin babi na uku, wai sun lura guga ba ya nauyi in yana cikin ruwa, sai ya fito? Ruwan ne ke tallafe shi daga ƙasa. Wata tsohuwa ta ce ta lura tun kafin a haifi uwata. Ban damu ba. A raina har na fara tunanin ko in bar jami'ar nan in buɗe ofishin awon rijiyoyi.

Sai hantsi ya yi, shanu suka fara isowa. An aika wa Fulani cewa igiya ta samu, suka dawo gaba ɗaya, dabbobin da suka kwana biyu suna shan wahalar nisa. Ni dai a idona sun kai shanun duniya. Ana ja, ana juyewa, suna shanyewa kafin a juya. Ƙanin Ardo ne ke kora san da ke jan igiya, magidanci mai 'ya'ya. Na lura duk saki sai ya ƙara matso da san kusa da rijiya kafin guga ya sha. Taku ɗaya, taku biyu. Sai na fara duba wayata kamar an kira ni.

Can sai guga ya fito rabi. Na gaba ya fito da abin da bai fi cikin buta ba. Na bayansa ya fito a bushe, gindinsa kawai ya jiƙe. Na leƙa. Ruwan ya ja da baya ya sauka, guga yana taɓa fuskarsa ya zauna a kai kamar ƙwarya, yana lilo. Guga ba ya shan ruwa sai an sakar masa igiya ya kwanta a gefe, ƙarfen da aka ɗaura a bakinsa ya rinjaye shi ya nutse. Igiyar da za a sakar masa kuwa babu. Ƙanin Ardo ya yi ta ja da san baya har wutsiyarsa tana kaɗawa a kan bakin rijiya, ƙafafunsa na baya a kan dakalin siminti mai santsi. San ya kafe, ya ce ko an yanka shi ba zai ƙara taku ba, kuma ya fi mu gaskiya. Guga a rataye, sa a tsaye, ba mai motsi. Babi na farko ke nan a gabana, ƙarfi ya daidaita, sai dai littafin bai ce akwai shanu ɗari suna kuka a bayanka ba.

Mata da jarkoki sun yi layi. Shanu suna tura juna a kan busasshen kwami, wata saniya tana lasar siminti. Na ce wataƙila san ne gajere. Ba wanda ya yi ko murmushi. Ban taɓa jefa magana ta faɗi ƙasa haka ba, ko ƙarar faɗuwarta ban ji ba.

Ardo ya matso kusa da ni, ya ce, "Ɗan boko, ko za ka kira ruwan a waya ya hau?"

Ba da wasa ya faɗa ba. Maigatari sai wata Alhamis, kwana shida. Guntayen tsohuwar igiya kuwa sun ruɓe, an riga an raba wa masu awaki.

Ban san wa ya je ya gaya wa Kawu ba. Sai ga shi yana tahowa da igiya a naɗe a kafaɗa. Duk garin an san igiyar nan. Ita ce wadda ake ɗaura masa a ƙugu in zai shiga rijiya, mai kauri, wadda yake ratayewa a tsakiyar ɗakinsa nesa da ɓera, ko matarsa ba ta taɓa ta. Ya sa aka fito da guga, aka kwance sa. Ya buɗe hannuwa a kan igiyarsa sau shida, ya sa wuƙa. Mai unguwa ya ce a dakata a nemi wata dabara. Kawu ya ce dabbobi ba su san dakata ba. Ya yanke.

Ya tsuguna yana haɗa bakin biyu, ya ce in zo in riƙe masa. Na tsuguna, shaddata a cikin taɓo. Yana ƙulli yana magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Lissafinka daidai ne. Ashirin da huɗu ne zuwa fuskar ruwa, in ta kwana ba a taɓa ta ba. In shanu suka sha, tana sauka huɗu kafin la'asar. Ɗaya na guga ne, ya kwanta ya sha. Ɗaya daga bakin rijiya zuwa wili. Biyu na sa, don kada ya tsaya a inda zai zame. Riƙe nan da kyau."

Shi ke nan abin da ya ce. Da ya tashi ya faɗa da ƙarfi a gaban mutane, ya zage ni, ya ce ga ɗan ƙanwarsa mara kunya, da na samu sauƙi. Da ya mare ni ma da na gode. Amma ya rufa mini asiri a daidai wurin da na tona nasa, kuma nasa ɗin ma babu komai a ciki.

Aka saki guga, ya nutse, ya fito a cike. Da ƙullin ya zo wucewa ta kan wili sai ya buga, ƙwal. Kowane ja sai ya buga. Ana jin sa har gindin darbejiya, har cikin gidan Kawu inda na shiga na ɓuya a ɗakin baƙi. Na san gudun sauti, na san daƙiƙa nawa yake ɗauka ya iso kunnena daga rijiya, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Mai shiga rijiya ba ya rataya ransa a igiya mai ƙulli, kuma abin da ya rage a tasa ba ya kai ƙasan manyan rijiyoyi. Ƙauyuka biyu suka aiko a bazarar nan a zo yasa, ya ce su nemi wani. Da na ji, na sayar da wayar nan mai agogo, na koma wurin Badamagare. Ya dai tambaya ko wannan karon an aiko ni da awo. Na kai wa Kawu sabuwar igiyar shiga. Ya karɓa, ya murza ta a hannu, ya ce tana da kyau, Allah ya yi albarka. Na ɗauka an gama.

Ba a gama ba, don igiya ce kawai na iya mayarwa. Maganar awaki ta riga ta fita. Kowa a garin ya ga igiyata ta gaza, kowa ya ga wanda ya cece mu, amma labarin gaskiya ba shi da daɗin maimaitawa kamar akuya mai zuwa Sule Tankarkar. In aka aiki mutum kasuwa sai a ce masa ban da gaba shida. In mai nama ya rage tsoka, gaba shida. Wata rana ina jiran mota a Gagarawa Tasha na ji wani da ban taɓa gani ba yana gaya wa mai awon gero kada ya yi masa gaba shida. Na tambaye shi inda ya samo maganar. Ya ce wai wani tsoho ne mai rijiya a wani ƙauye da ya shekara ashirin yana satar igiya, sai wani yaro ɗan makaranta ya kama shi da waya. Ya ce yaron ya burge shi. Na ce masa ba haka aka yi ba. Ya ce ni ina wurin ne?

Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Ta daina aikena ƙauyen dai, in tana da saƙo sai ta ba direba. Ran da na matsa mata, ta ce yayanta bai taɓa mallakar komai ba sai yardar mutane, ita ma ɗin ɗanta ya ɗauka ya yi wasa da ita a gidan suna.

Da Sallah na shirya na je. Na ce tunda a gaban jama'a na ɓata, a gaban jama'a zan gyara. Bayan an sauko daga idi aka taru a gindin darbejiyar nan, na roƙi mai unguwa ya ba ni minti biyu. Na miƙe, na gyara murya. Tun kafin in ce uffan samari suka fara dariya. Na ce don Allah yau ba wasa na zo yi ba, dariyar ta ƙaru. Na ce ƙarya na yi wa Kawu, bai taɓa cin ko zare ba, ni ne jahili. Suka ce kai wannan yaro ya iya, dubi yadda ya ɓata fuska kamar gaske. Muryata ta fara rawa, wani ya ce har da kukan ƙarya. Daga baya aka ɗago murya aka ce in yi ta akuyar nan mai tambayar dusa. Shekara ashirin da wani abu ina koya wa mutane cewa duk abin da ya fito daga bakina abin dariya ne, ran nan kuma suka nuna mini sun koya.

Kawu yana zaune a kan buzunsa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ya ɗago ya ce, "Ya isa haka. Zauna." Na zauna.

Jarrabawar kuwa na ci fizis a karon nan. Tambayar dutse da rijiya ta fito, kusan irin ta littafina. Na amsa ta cikin minti ɗaya, sannan na zauna ina kallon takardar har mai sa ido ya zo ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Igiya mai ƙulli ta yi shekara biyu tana bugun wili kafin ta mutu. Da lokacin sayen wata ya yi, mai unguwa da Ardo suka taka da kansu har gidan Kawu, abin da ba a taɓa yi ba, suka ce ya yi haƙuri ya karɓi aikinsa. Ya ba su tabarma, ya sa aka kawo fura. Ya ce kafaɗarsa na ciwo, hanyar Maigatari ta yi masa nisa, a aiki ɗan ƙanwarsa, yanzu ya san awon. A makon nan kuwa an gan shi ya shiga rijiya mai gaba talatin ya yini yana kwasar laka. Suka koma sau biyu, amsar ba ta canja ba. Bai sake riƙe kuɗin jama'a ba har yau.

Haka aka kira ni daga makaranta. Ranar Alhamis da safe na tsaya a ƙofar ɗakinsa na yi sallama. Ya amsa daga ciki, rediyonsa na magana, ya tambayi karatu, ya tambayi mahaifiyata, bai fito ba. Ina juyawa matarsa ta biyo ni zaure da ƙullin leda.

Ta ce, "Ya ce in ba ka. Wai hannunka gajere ne, in ka auna da shi za a sake jin kunya."

Na buɗe a kan babur. Wani zaren buhu ne mai ƙulli a kowane baki, daidai tsawon hannuwan Kawu in ya buɗe su. A ƙarƙashinsa duwatsu uku masu kamar ƙwan agwagwa, an wanke su tas.

A Maigatari na miƙa wa Badamagare zaren na ce da wannan za a auna. Ya kama baki ɗaya, na kama ɗaya, muka bi igiya muna ƙirgawa a fili. Da muka kai ashirin da shida ya dakata ya dube ni, yana jira in ce wani abu, don ya san halina. Na ce masa ashirin da bakwai.